Yadda Ake Fayyace Ƙunshin Saƙo Daga Jerin Lambobi



Duk saƙon da zai ratsa intanet, sai an gutsuttsura shi zuwa ƙananan ƙunshi, kowanne da goshinsa mai bayyana inda ya fito da inda ya nufa. Idan aka buɗe ƙunshin, ba abin da ido zai gani sai jerin alamomi kamar 45 00 00 3C. Wannan shi ne lissafin goma sha shida, inda ake amfani da 0 zuwa 9, sa'an nan A zuwa F su tsaya a madadin 10 zuwa 15. Alama biyu su ne bayit guda.

Lambobin nan ba su da ma'ana a karan kansu. Matsayinsu a cikin jeri ne ke ba su ita, bisa ƙa'idar RFC 791 ta shekarar 1981. Saboda haka aikin mai rubuta manhaja shi ne ya yanka jerin a kan gaɓoɓinsa. Bayit na farko, wato 45, kashi biyu ne: 4 tana nuna zubi na huɗu na ƙa'idar, 5 kuwa tsawon goshi ce, a ninka ta sau 4, a sami bayit 20. Na uku da na huɗu, 00 3C, su ne tsawon ƙunshin baki ɗaya, wato 60. Na goma yana faɗin irin kayan da aka ɗauko: 06 na nufin TCP. Daga na 13 zuwa na 16 adireshin mai aikowa ne, ta yadda C0 A8 00 01 za ta zama 192.168.0.1.

Tarko biyu ke jiran mai wannan aiki. Na farko, intanet tana gabatar da babban bayit, alhali injunan Intel ƙaramin suke fara ajiyewa. Wanda ya manta da juyawa, sai 60 ta zamar masa 15,360.

Na biyu ya fi muni. Tsawon da aka rubuta a ƙunshi da'awa ce kawai ta mai aikowa, kuma yana iya yin ƙarya. A watan Afrilu na 2014 aka bayyana ɓarakar Heartbleed a manhajar OpenSSL. Ko da yake a wata ƙa'idar daban ta auku, tushenta ɗaya ne: manhajar ta gaskata tsawon da aka faɗa mata ba tare da aunawa ba, sai ta riƙa mayar wa mai tambaya har kilobayit 64 na abin da ke cikin ƙwaƙwalwarta, a ciki har da kalmomin sirri na jama'a.

Don haka wajibi ne manhaja ta ƙidaya bayit ɗin da suka iso hannu, ta gwada su da abin da goshi ya ce. In sun saɓa, a yar da ƙunshin tun kafin a karanta gaɓa ta gaba.