Katin Jirgin Al Aziziya da Ladabin Rubuta Manhaja



An ce in yi magana a kan tsarin rubuta manhaja da ake kira OOP, tunda da yawanku kuna fama da shi a aji, wasu a Jami'ar Katar, wasu a Carnegie Mellon da ke Education City. Maganar tawa guda ɗaya ce. Kod ɗin da ka rubuta kwamfuta ce za ta yi aiki da shi, amma mutum ne zai karanta shi, ya gyara shi bayan ka bar wurin. Duk ƙa'idojin da zan ambata, saboda wannan mutumin aka kafa su.

Tsarin nan ya daɗe. 'Yan ƙasar Norway biyu, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, su suka fito da shi a harshen Simula 67 a shekarar 1967, domin su kwaikwayi abubuwan duniya a cikin kwamfuta. Daga nan Alan Kay da abokan aikinsa suka gina Smalltalk a shekarun 1970, C++ ya fito a 1985, Java a 1995. Dabarar ita ce, kowane abu ya riƙe bayanansa da ayyukansa a wuri guda.

To, mu ɗauki misalin da ke aljihun kowa. Layin jirgin Gold Line, wanda aka buɗe a Nuwamban 2019, yana da tashoshi 11, daga Ras Bu Abboud zuwa tasharmu ta Al Aziziya. Ba ka shiga sai da kati. A ce an ba ka aikin rubuta manhajar katin nan.

Da farko za ka yi samfuri, wato abin da kake buɗewa da kalmar `class`. A ciki za ka faɗi abin da kowane kati ke da shi, lamba da ragowar kuɗi, da abin da yake yi, karɓar kuɗi da biyan kuɗin tafiya. Samfurin ɗaya ne. Katin da ke aljihuna da wanda ke jakar ƙanwata can baya kuwa abubuwa biyu ne da aka fitar daga gare shi, kowanne da ragowar kuɗinsa.

Na biyu, rufin asiri. Ƙofar tasha ba ta da ikon sa hannu cikin ragowar kuɗinka. Abin da za ta yi shi ne ta ce wa kati, biya. Kati ya duba, in kuɗi sun isa ya cire, in ba su isa ba ya ƙi. Idan ka bar ragowar nan a buɗe, kowane sashe na manhaja yana taɓa ta, ran da aka wayi gari kuɗin wani sun ɓace, a ina za ka fara nema? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shi ya sa a Java ake sa `private`, a Python kuma ake fara sunan da ɗan layin ƙasa, alamar cewa wannan na cikin gida ne.

Na uku, gado. Akwai katin gama-gari, akwai na Goldclub. Ba sai ka rubuta komai sau biyu ba. Su biyun su gaji samfurin kati, kowanne ya canza abin da ya bambanta shi. Amma a kula, gado yana da sharaɗi. Katin Goldclub kati ne, don haka ya cancanci gado. Jirgi kuwa yana da ƙofa ne kawai, bai zama ƙofa ba, saboda haka ba ya gadon ƙofa, sai dai ya riƙe ta a matsayin kayansa.

Na huɗu, kira ɗaya amsa daban-daban. Ƙofa ta ce biya, katin gama-gari ya cire riyal 2, na Goldclub ya cire riyal 10. Ƙofar ba ruwanta da wane iri ne. Gobe in aka ƙirƙiro wani sabon kati, samfuri ɗaya za a ƙara, ba wanda zai taɓa kod ɗin ƙofa.

Yanzu sai ladabin rubutu. Masu Python suna da takardar PEP 8 tun 2001: tazara huɗu a farkon layi, kada layi ya wuce haruffa 79, sunan samfuri kamar `KatinTafiya`, sunan aiki kamar `biya_kudi`. A Java `biyaKudi` za ka rubuta. Ba wai ɗaya ya fi ɗaya ba ne. Gidan da ka shiga, ka bi al'adarsa.

Suna kuma ya faɗi gaskiya. Ka rubuta `x`, wa ya san nufinka? Ka rubuta `ragowa`, to riyal ne ko dirhami, alhali riyal ɗaya dirhami 100 ne? Kada ku ɗauki wannan wasa. A Satumban 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter, saboda wani sashe na manhaja yana ba da lissafi da ma'aunin fam, mai karɓa kuma yana ɗaukarsa a ma'aunin newton.

Akwai wadda ta shafe mu mu Hausawa. Python na yanzu yana karɓar ƙ da ɗ a cikin suna, amma a wurinsa `kudi` da `kuɗi` sunaye biyu ne mabambanta. In kuna aiki tare a Kano ko Maraɗi, ku yi ittifaƙi tun ranar farko a kan wanda za ku bi. In kuwa rukuninku na nan Doha ne, da ɗan Sudan da ɗan Indiya da ɗan Katar, ku sa sunaye da harshen da kowa ke ji. Bayanin da kuke sawa a gefen kod kuma ya faɗi dalilin da ya sa aka yi abu, tunda abin da aka yi yana nan kowa na gani.

Ƙannena, wasunku gida za su koma su rubuta manhajar asibiti, ko ta albashi, ko ta sakamakon jarrabawa. Bayan shekara biyar kun yi gaba, wani yaro ne zai gaji aikin, ga kuɗin mutane da lafiyarsu a rataye da shi. Ga aikin da na ba ku a makon nan: kowa ya ɗauko kod ɗin da ya rubuta a zangon da ya wuce, ya miƙa wa abokinsa, ya yi shiru. Duk inda abokin ya tsaya ya ce, nan me kake nufi, to nan ne wurin gyara.

Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya mai da mu gida lafiya.