Kishin Ƙasa da Amfanin Leƙa Gidan Wani



Muna godiya ga kwamitin shirya wannan taro da ya ɗora mana nauyin yin magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci wa iyaye tuwo a ƙwarya, wato fitar 'ya'yanmu zuwa ƙasashen waje, da abin da wannan fita ke yi wa kishin ƙasa da sanin asali. A yau da wuya a sami unguwa a garin nan wadda ba ta da ɗa a Masar ko Saudiyya ko Indiya ko Ingila. Wani karatu ne ya kai shi, wani fatauci, wani kuwa neman abin sawa a bakin salati. Iyaye sun kasu biyu. Wasu na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wasu kuma na cewa tafiya mabuɗin ilmi. Dukansu karin maganar kakanninmu ne, saboda haka ya kamata mu auna su da ma'aunin tarihi kafin mu yanke hukunci.

Da farko dai, tafiya ba baƙon abu ba ce a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa, fatakenmu kan kora jakuna su yi watanni a hanya zuwa Gwanja, su kai kanwa da tufafi da fatu, su sayo goro a kasuwar Salaga. Inda suka yada zango nan ya zama unguwa, shi ya sa har yau ake kiran unguwannin baƙi a Kumasi da sauran biranen Ghana da sunan Zango. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, a wannan makaranta ta fatauci ya yi karatunsa. A bakin tekun Ghana ya ga yadda jiragen ruwa ke ɗaukar kaya, sai ya shiga aika goro ta ruwa zuwa Ikko. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe, ya riga ya san sirrin hulɗa da kamfanonin Turawa, ya kuwa rasu a 1955 yana cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma. Abin lura shi ne, dabarar a waje ya gano ta, amma a Kano ya shuka ta.

Misali na biyu shi ne Alhaji Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya bi ayarin editocin jaridun Afirka ta Yamma zuwa Ingila, a cikinsu har da Dakta Nnamdi Azikiwe. A can ya zauna da Lugga, tsohon Gwamna, ya faɗa masa matsalolin Arewa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Da ya dawo bai bar abin da ya gani a cikinsa ba, sai ya rubuta littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda ya fito a 1944, domin wanda bai je ba shi ma ya ƙaru.

Misali na uku shi ya fi kusa da batunmu, kuma malamin makaranta ne kamarmu. Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Bauchi, sannan ya tafi Landan ƙaro ilmin koyarwa a 1945. Bayan dawowarsa, a 1950, shi ne ya miƙe a Majalisar Arewa ya nemi a gyara tsarin mulkin En'e. Duk da haka, a shekarun nan yana shakkar ko Nijeriya, wadda Turawa suka haɗe Kudu da Arewarta a 1914, za ta iya zama ƙasa ɗaya. A 1955, yana Ministan Sufuri, ya je Amurka don ya ga yadda ake sufuri a kogin Misisifi. Nan ya ga mutane masu asali daban-daban sun haɗu sun gina ƙasa guda, shi da kansa kuma ya bayyana cewa wannan tafiya ce ta sa ya gaskata cewa Nijeriya ma za ta iya. Shekara biyu bayan haka ya zama Firayim Minista, shi ya karɓi 'yancin ƙasar nan a 1960. Jama'a, mutumin nan sai da ya ƙetare teku sannan ya ga ƙasarsa da kyau.

To, me baƙunta ke koya wa mutum? Abu na farko, tana koya masa sunansa. A gida muna rarrabe kanmu, wannan Bakano, wancan Bakatsine, wancan Bayarabe, wancan Inyamiri. Amma jami'in shige da fice a filin jirgin Jidda ko na Landan koren fasfo kawai yake gani. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, ɗalibanmu da ke Khartum suka shiga motoci zuwa iyakar Masar, jirage suka kwaso su zuwa Abuja a watan Mayu. A wannan hali ba a tambayi kowa ƙabilarsa ba, abin da aka duba shi ne ko ɗan Nijeriya ne.

Abu na biyu, baƙunta madubi ce. Wanda ya zauna inda ake fara taro a kan lokaci, ake bin layi a asibiti, ake kula da famfon unguwa kamar na gidan mutum, zai dawo ya gane cewa lattinmu da ƙazantar kwatocinmu ba ƙaddara ba ce, hali ne, hali kuwa ana gyara shi. Gani ya kori ji. Haka kuma wanda ya ga tsoho yana zaune shi kaɗai ba mai leƙo shi, ko ya ga an yi rasuwa maƙwabci bai sani ba, zai san darajar zumuncinmu, da gaisuwar asuba, da kwanon abincin da ke ƙetare katanga. Sai an ɗanɗana miyar wani gida ake sanin inda tamu ta yi gishiri da inda ta gaza.

Sai dai kuma, 'yan'uwa, masu tsoro suna da hujja, ba za mu yi musu rashin adalci ba. Baƙo raɓa ne, komai daɗewarsa. A 1969 gwamnatin Dakta Busia ta Ghana ta kori baƙin da ba su da takardun zama, 'yan'uwanmu da yawa suka baro gidaje da shaguna suka dawo hannu rabbana. A 1983 mu ma muka yi irinta, muka kori baƙi fiye da miliyan ɗaya, akasarinsu mutanen Ghana. Darasin da ke ciki shi ne, wanda ya yanke igiyarsa da gida, ranar da masauki ya juya masa baya ba shi da tudun dafawa. Haka nan muna jan kunnen matasa game da bin hamada ta Agadas zuwa Libiya ba takarda ba sana'a. Wannan hanya ta ci rayuka masu yawa, wasu kuma sun faɗa hannun masu sayar da mutane.

Akwai kuma asarar harshe. Abin takaici ne jika ya zo hutu ya kasa gaida kakarsa sai da tafinta. Zaman waje bai isa ya zama uzuri ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya kai jama'arsa Sudan, suka kafa garin da ake kira da sunansa a bakin Kogin Nilu. Sun koyi Larabci, amma an haura ƙarni guda jikokinsu ba su yar da Fillanci da Hausa ba. Mutanen Zangon Kumasi ma haka suke. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, in dai iyayensa sun koya masa.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Ta farko, duk yaron da zai fita, dattawa su zauna da shi kafin ya tashi, a tabbatar takardunsa sun cika, an san makarantar ko aikin da za shi, an kuma haɗa shi da wani ɗan gari da ke can. Ta biyu, wanda ya dawo, likita ne ko injiniya ko ɗan kasuwa, a ba shi rana guda ya shiga makarantunmu ya gaya wa yara abin da ya gani, kamar yadda Imam ya yi da alƙalaminsa. Ta uku, mu tuna cewa baƙunta ba sai an hau jirgi ba. Tun 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin bautar ƙasa domin ɗan Kudu ya san Arewa, ɗan Arewa ya san Kudu. Masu bautar ƙasar da ake turo mana mu karɓe su hannu bibbiyu, namu kuma da aka tura Kalaba ko Ibadan mu daina rige-rigen nema musu canjin wuri sai da larura. Yaron da bai iya zama da Bayarabe shekara guda ba, yaya zai zauna da Basine?

A ƙarshe muna cewa 'ya'yanmu, ku je ku gani, ku koyo, ku mutunta dokokin masaukinku, amma ku riƙa waiwayo gida. Ku kuma iyaye, ku sallame su da albarka, ku bar musu ƙofa a buɗe. Allah Ya kiyaye matafiyanmu, Ya dawo mana da su lafiya da abin amfani, Ya zaunar da ƙasarmu Nijeriya lafiya.