Ciwon da yakan rage bayan an kwance bandeji

Ardo-ardo, dattawan ruga, fataken shanu da dillalai, muna yi muku barka da zuwa, musamman waɗanda suka baro dabbobinsu a kasuwannin Tourou da Kolokondé don su saurare mu.

Yau ba zancen burtali ko harajin kara ya tara mu ba. Zancen 'yan'uwanmu ne da suka tsira da rai. Kun san faɗan gona, kun san ɓarayin shanu da masu satar mutane don kuɗin fansa, ga kuma hare-haren da suka soma a arewacin Benin tun ƙarshen 2021. In abu ya faru mukan ƙidaya gawa, mu ƙidaya shanu. Wanda aka sara a ka, aka ɗinke, sai mu ce ya warke.

Likitoci sun ce rauni biyu ne. Na farko a ƙwaƙwalwa yake. Ita abu ce mai taushi, in gora ta sauka a ka sai ta girgiza cikin ƙoƙon kai. Daga nan ciwon kai, mantuwa, saurin fushi, wani ma farfaɗiya ta kama shi bayan watanni ko shekaru. Na biyu firgita ne, yakan kama har wanda ko ƙwarzane bai samu ba, ya dai ga an kashe ɗan'uwansa a gabansa. Ba barci sai mugun mafarki, ƙarar babur ta sa ya zabura, ya ƙi bi ta mashayar da abin ya auku. In wannan ya wuce wata 1 bai sake shi ba, cuta ce, kuma tana da magani.

To, Bafulatani da kunya, wa zai gaya wa yana jin tsoro? Sai ya saɓa sandarsa ya shiga gari ranar kasuwa, a ba shi sodabi ko burukutu, ya haɗa da tiramol. Giya takan kwantar da shi farkon dare, kafin asuba ta tashe shi da firgitar da ta fi ta jiya. In shan ya daɗe ba ya cin abinci sosai, jikinsa ya rasa bitamin B1, ƙwaƙwalwa ta lalace. Sai ka ga yana tangaɗi ko bai sha ba, ya manta abin da aka faɗa masa yanzun nan, ya cike gurbin da labarin da bai faru ba, alhali ba ƙarya ya nufa ba. Tiramol kuwa shi kansa yana jawo farfaɗiya, balle a kan da aka taɓa fasawa.

Dillalai, nan ku muke roƙo. Irin wannan mutum zai sayar da bijimi yau, gobe ya rantse bai sayar ba. Kada ku yi ciniki da shi sai da ɗan'uwansa a tsaye. Mai saye da araha a hannun wanda hankalinsa ya taɓu, mu dai ba mu ɗauke shi ɗan kasuwa ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne ɗauri. A kama mutum a ɗaure a turke, wai a raba shi da giya rana ɗaya. Wanda ya daɗe yana sha kullum, in aka yanke masa farat ɗaya, karkarwa takan kama shi, cikin kwana 2 zuwa 3 ya soma gane-gane da sambatu, har yakan mutu. A gaban likita ake raba shi da ita. A Parakou babban asibitin Borgou-Alibori yana da likitocin ƙwaƙwalwa. A Djougou akwai cibiyar Saint Camille ta Grégoire Ahongbonon, mutumin da ya shekara da shekaru yana kwance masu taɓin hankali daga mari. A yi addu'a, ba mu hana ba, amma a kai shi.

Mai rakiya ya zama ya san yaushe aka buge shi, ko ya suma a lokacin, me yake sha, yaushe ya sha na ƙarshe, don likita zai tambaya. Ardon da ke da irin wannan a rugarsa ya same mu a keɓe bayan taro, mu ga yadda za a yi kuɗin mota.