Koren Dutse da Kukan Na'ura



Tun daga 2014, lokacin da aka gano zinare a Jado da ke arewacin Nijar, na'urar neman ƙarfe ta zama abokiyar tafiyar matasanmu. Tambayar da ke yawan dawowa daga daji ita ce: na'ura ta yi kuka, an tona, an fito da abu kore, shin zumurrudu ne?

Da wuya. Na'urar ba ta san launi ba. Abin da take ji shi ne ƙarfe, ko dutse mai ɗauke da maganaɗisu. Zumurrudu kuwa, irin wanda ake samu a wajajen Gwantu a Kaduna da Nasarawa Eggon, ko kusa ba ya motsa ta. Idan ta yi kuka a kan kore, fara zargin tagulla. Tagulla in ta daɗe cikin ƙasa da danshi takan yi koriyar tsatsa, kuma dutsen da masana ke kira malakait, mai zane-zane kore mai duhu da mai haske, ɗanyen tagulla ne.

Gwajin ba ya buƙatar ɗakin bincike. Ɗauki wuƙa ka karce dutsen. Malakait mai laushi ne, taurinsa bai wuce 4 ba a ma'aunin Mohs, wuƙa na cin sa nan take. Zumurrudu yana tsakanin 7.5 da 8, shi ne ma zai karce gilashi. Goga dutsen a bayan tayil: malakait zai bar layi kore, zumurrudu ba zai bar komai ba. In kuma ka ɗaga shi a rana ka ga ƙananan kumfa masu zagaye a ciki, to fasasshiyar kwalba ce, kada wani dillali ya yaudare ka.

Ina roƙonku, kada a lasa, kada a daka a gida. A 2010 yara sama da 400 suka mutu a Zamfara saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a tsakar gida.

Inda na fi so mu tsaya shi ne koren da ba dutse ba. A 1353 Ibn Battuta ya sauka Takedda, ya bayar da labarin sandunan tagulla da ake ciniki da su a matsayin kuɗi. Masana da yawa na ganin kufan Azelik, yamma da Agadas, shi ne wannan gari. Don haka ɗan guntun kore da na'ura ta nuna maka a wannan yanki yana iya zama munduwa, ko sandan ciniki, ko kashin maƙera na ɗaruruwan shekaru. Mai haƙa yakan kankare shi da yashi don ya ga ko zinare ne a ciki, ya jefar in ya ga ja. A ganina wannan asara ta fi ta kuɗi. Bar masa tsatsarsa, ɗauki hotonsa a inda yake, ka rubuta wurin, sannan ka kai wa gidan tarihi ko sashen nazarin kayan tarihi na jami'a mafi kusa.