Dashen Saifa Bayan Rauni da Yadda Ake Bin Sawunsa da Hoton Amsa-kuwwa



Saifa ƙaramar gaɓa ce da ke ɓangaren hagu na ciki, a ƙarƙashin haƙarƙari, nauyinta kamar giram 150. Aikinta shi ne tace jini da kama ƙwayoyin cuta. A dā, idan ta fashe saboda haɗarin mota ko faɗowa, sai likita ya cire ta ɗungurungum, a kan zaton ba ta da wani amfani. Amma a shekarar 1952, likitoci biyu na Amurka, King da Shumacker, suka ba da labarin jarirai da mummunar cutar jini ta kama bayan an cire musu saifa. Daga nan aka fara sake tunani. Mu kuwa a nan abin ya fi shafarmu, domin zazzaɓin cizon sauro yakan kumbura saifa har ta yi saurin fashewa, kuma yakan fi tsanani ga wanda ba shi da ita.

A yau likita yakan yi iyakacin ƙoƙarinsa ya bar ta a wurinta. In ta ragargaje ba dama, wasu likitoci sukan yanki ƙananan gutsattsarinta su dasa a cikin tantanin kitsen nan da ya lulluɓe hanji, saboda yana da wadatar jijiyoyin jini. Da farko yawancin naman yakan mutu, sa'an nan ya sake tsirowa daga gefe cikin 'yan watanni.

To, ta yaya za a san dashen ya kama ba tare da an sake buɗe ciki ba? Nan ne na'urar da jama'a ke kira sikanin take da rana. Tana aika sauti mai kaifin da kunne ba ya ji, ya bugi gaɓoɓi ya dawo, ita kuma ta mai da amsa-kuwwar hoto. Likita Ian Donald na Gilasgo ne ya fito da amfaninta a asibiti a shekarar 1958. Da ita ake auna girman dashen a kai a kai, a ga ko jini na gudana a cikinsa, a kuma gano ƙurji ko taruwar ruwa. Ba ta ƙona jiki, ba ta da tsada ƙwarai.

Sai dai tana da iyaka. Iskar hanji takan kare ƙaramin dashe, kuma ganin nama dabam, sanin yana aiki dabam. Don haka akan haɗa da gwajin jini. Har yanzu ba a tabbatar dashe yana ba da cikakkiyar kariya ba, saboda haka majiyyaci ba zai bar allurar rigakafi ba, kuma da ya ji zazzaɓi sai asibiti.

Ku ma'aikata, ku sa wannan na'ura da horar da masu riƙe ta cikin lissafinku na asibitocin karkara.