Haƙorin cirewa ko na dashe: wanne ya dace da mai yawo?

 

Zancen yau wani dattijo ne ya jawo shi. Mai shanu ne, ya haura sittin, ya aiko mana da saƙon murya cewa turamensa na ƙasa guda huɗu sun tafi, na gaba biyu kuma suna girgiɗi. Ɗansa mai sayen riɗi ya yi masa alkawari, in kaka ta yi kyau zai kai shi a dasa masa sababbi. Abokinsa kuwa ya ce kada ya wahalar da kansa, ya yi na roba kawai. Shi ne yake tambaya wanne ya fi. To Baba, Allah ya ƙara lafiya. Na kai tambayarka wurin likitocin haƙori a nan cikin gari, ga abin da na taho maka da shi, kai da duk mai giɓi a baki.

Da farko mu san cewa giɓi ba ya zama yadda aka bar shi. Ƙashin muƙamuƙi yana riƙe da ƙarfinsa ne saboda saiwar haƙori tana motsa shi kullum in ana tauna. Da zarar an cire haƙorin sai ƙashin wurin ya fara zaizayewa, kuma a watannin farko ya fi saurin tafiya. Maƙwabtan giɓin su karkato, na sama da ya rasa abokin karo ya zazzago. Shi ya sa za ka ga tsoho baki ya shige ciki, haɓa ta matso kusa da hanci. Amma kuma ba kowane giɓi ne dole a cike ba. Babba haƙora 32 gare shi, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tun 1992 ta ɗauki haƙora 20 masu aiki a matsayin abin da zai isar wa mutum tauna. Wanda turmi ɗaya na can ƙurya ya faɗi, sauran suna lafiya, ba lallai ya sayar da akuya a kansa ba.

Haƙorin roba, wanda a asibiti za ku ji ana ce masa tagam, shi ne wanda ake sakawa a cire. Likita zai auna bakinka da wani abu mai laushi kamar ƙullu, a gina haƙoran a kan wannan awo, ka dawo a gwada, a rage nan a ƙara can. Zuwa uku ko huɗu, cikin 'yan makonni, an gama. Babu yanka, babu ɗinki, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na dashe ba. Yana da wata fa'ida da ta shafe ka kai tsaye, Baba: in wani haƙorin ya sake faɗuwa, ana iya ƙara shi a jikin tagam ɗin da kake da shi, ba sai an yi sabo ba.

Sai dai kada a yaudare ku, ba ya tauna kamar na Allah. Agashe mai tauri, rake, goro, busasshen dabino, duk sai a hankali, a yanka ƙanana. Na sama ya fi zama, don yana manne wa ganɗa. Na ƙasa, musamman in babu haƙori ko ɗaya da zai riƙe shi, shi ne mai rawa, harshe na ture shi, mutum yana tsakiyar ciniki ya ji ya goce. Makonnin farko yakan goge dasashi har ya yi gyambo, maganinsa komawa wurin likita a rage, ba a ɗauko wuƙa a kankare a gida ba. Kuma tunda ƙashi bai daina zaizayewa a ƙarƙashinsa ba, bayan 'yan shekaru zai yi sako-sako, sai an yi masa ciko ko a sake wani.

Kulawarsa kuwa, nan ne mai zaman daji zai auna kansa. A cire shi da dare, a wanke da sabulu da buroshi, a kwanar da shi cikin ruwa mai tsabta. Ruwan zafi yana lanƙwasa shi. Direbobi, kada a bar shi a gaban mota cikin ranar nan tamu. Ƙarami mai haƙori ɗaya ko biyu, wanda ba shi da ƙugiyar riƙewa, kada a kuskura a yi barci da shi, don ana haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, sai da tiyata.

Bari in ɗan ratse, don abin ya faru a gidanmu. Kawuna ya taɓa zama gaban wani mai sa haƙori a kasuwa, cikin rabin awa aka cike masa giɓin gaba, aka liƙe da maƙwabtansa da wata roba mai saurin daskarewa. Ya dawo yana ta murmushi. Abin ba ya ciruwa, ba ya wankuwa ta ƙasa, abinci na taruwa. Kafin shekara ta zagayo baki ya fara wari, dasashi ya kumbura, haƙoran nan biyu masu lafiya da aka jingina da su suka bi ɗan uwansu. Giɓi ɗaya ya zama uku.

Yanzu dashe. Larabawa zira'a suke ce masa, wato shuka, mu mutanen Gadarif kuwa ai mun san shuka: ba a zuba iri yau a yanki riɗi gobe. Asalin abin daga ƙasar Suwidin ne. A 1952 wani likita mai bincike, Baranemak, ya sa ƙarfen taitaniyom a ƙashin zomo, da ya zo cirewa ya tarar ƙashi ya kama shi kam. A 1965 ya dasa wa mutum na farko, mutumin ya rayu da su shekara arba'in. Abin da ake yi har yau ke nan: a kashe wurin da allura, a huda ƙashi, a ɗaura ƙusa mai zare kamar noti, a bar ta wata uku zuwa shida ƙashi ya kama, sannan a ɗora kan haƙorin. In ƙashin ya riga ya zaizaye, sai an fara yi masa ƙari, wasu watannin ke nan kuma.

In ya kama, ba shi da na biyu. Ba ya rawa, ba a cire shi, ana tauna da shi kusan kamar na asali, yana taimaka wa ƙashin wurin ya tsaya, kuma ba a taɓa maƙwabtansa. Ga saurayin da saniya ta haura ko ya faɗi a babur haƙori ɗaya ya fita, sauran baki lafiya lau, in yana da hali wannan shi ne zaɓi. Akwai kuma gada, wadda ake ce wa kubri, inda ake feƙe haƙora biyu na gefe a rataya na tsakiya a kansu. Ta fi dashe sauri da araha, amma an taɓa masu lafiya. Haƙorin Makka na su Hajiya kuwa, wannan yawanci riga ce ake sa wa haƙorin da ke nan, ba ya cikin lissafinmu.

Ba kowa ake yi wa dashe ba. Yaron da bai gama girma ba sai ya jira. Mai ciwon suga da bai daidaita ba, rauninsa ba ya saurin warkewa. Mai ciwon dasashi, wanda haƙoransa suke girgiɗi suna zubewa da kansu, ƙwayoyin cutar da suka ci na asali za su iya cin ƙashin da ke kewaye da ƙusar. Mai shan taba, dashensa ya fi saurin lalacewa. Sai tumbak, wanda da yawa daga cikinmu ke cusawa a bayan leɓe: yana cin dasashin da yake zama a kai, kuma bincike a nan Sudan ya danganta shi da kansar baki. Duk gyambo ko farin tabo a baki da ya wuce mako biyu bai warke ba, a nuna wa likita, ko da dashe ko babu.

Ni dai abin da na fi so masu sauraron wannan tasha su riƙe shi ne maganar komawa. Mutane suna tsaya wa kuɗi, kuma gaskiya ne, kayan dashe daga waje suke zuwa, farashinsu bin dala yake, ƙusa ɗaya takan fi tagam na baki duka tsada. Amma kuɗi kaka ɗaya takan kawo su. Abin da ba ta kawowa shi ne zama. Makiyayi da damina yana Butana, da rani ya gangara kudu wajen Rahad da Dindir. Ɗan kasuwa yau Gallabat, jibi Gondar. Dashe kuwa yana son a cire zare bayan mako ɗaya ko biyu, a dawo bayan watanni a ɗora kai, sannan a riƙa leƙowa ana dubawa. Wanda aka dasa wa ya shiga daji wurin ya kumbura, kwana uku tsakaninsa da likita, ya san abin da ya saya.

Haka kuma shi kansa likitan. Kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, yawancin ƙwararrun wannan aiki a Khartum suke. Yaƙi ya watsa su, wasu garuruwan gabas, wasu Masar. Wanda ya huda maka ƙashi bana, ka tambaye shi ƙarara: yana nan bayan wata shida? In ya tashi, wa zai ƙarasa? Masu zuwa Alƙahira ko Adis Ababa a yi musu, ku ji wannan da kyau: kowane kamfani da irin ƙusarsa da irin mabuɗinta, kamar kayan gyaran mota, na wannan ba ya shiga wancan. Kada ka baro wurin sai an ba ka takarda mai sunan kamfanin da lambar ƙusar da tsawonta, da hoton ƙashin da aka ɗauka. Ka adana su tare da takardun tafiyarka. In noti ya kwance a Gadarif, da wannan takarda za a nemo abin ɗaure shi.

Akwai hanya ta tsakiya ga wanda ba shi da haƙori ko ɗaya a ƙasa. A dasa ƙusa biyu kacal a gaba, a yi tagam mai maɓalli da zai kama su, yana ɗaukuwa a wanke amma ba ya rawa. A 2002 ƙwararru da suka taru a jami'ar Makgil ta ƙasar Kanada suka ce wannan ya kamata ya zama zaɓin farko ga irin wannan baki.

To Baba, mu dawo kanka. Haƙoranka na gaba da ke girgiɗi su ne abin fara dubawa, tun kafin a yi zancen ƙusa. Ka shigo gari a wanke maka dasashi, a auna suga, a ɗauki hoto a ga yawan ƙashin da ya rage. A nawa ganin, bana ka yi tagam mai ƙugiya a wurin likita, ka tafi kiwonka da shi, in na gaban sun faɗi a ƙara maka su a jiki. Kuɗin riɗin ɗanka su jira. In shekara ta zagayo dasashi ya lafa, ka kuma samu rani guda da za ka zauna kusa da gari yara su kora shanun, a lokacin sai a koma kan maganar ƙusa biyun nan.

Mai tambaya ya aiko da saƙonsa kamar yadda aka saba, da Hausa ko da Larabci. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.