Agugu: Tsiro Marar Fure da Maganin Tsila



Abin da za mu yi magana a kansa yau ɗan guntun itace ne mai duhu da kaushi, wanda ba ya ɗaukar ido a shimfiɗar mai magani. Sunansa agugu. A cikin 1916 wani likita mutumin Sikotlan da ya yi aiki a ƙasar Hausa, J. M. Dalziel, ya buga littafin sunayen tsire-tsire na Hausa. A ciki ya rubuta cewa agugu jijiyar wani tsiro ne da ake sha don fitar da tsila, kuma yawanci daga Adamawa ake kawo shi. To, me ya sa sai an kawo shi daga nesa? Amsar tana cikin halittar tsiron kansa.

Agugu yana cikin wani babban dangi na tsire-tsire da ba sa fure, ba sa 'ya'ya, ba sa iri. Masana sun ƙidaya fiye da kashi 10,000 na wannan dangi, kuma sun riga tsire-tsire masu fure zuwa duniya da miliyoyin shekaru. Sabon ganyensu yakan fito a naɗe kamar gammo, sa'an nan ya warware a hankali har ya yi kama da gashin tsuntsu. Abin da muke kira jijiya kuwa, a haƙiƙa kara ne mai rarrafe a ƙarƙashin ƙasa, lulluɓe da ɓawo ja-ja da gindin tsofaffin ganyaye.

Idan mutum ya juya bayan ganyen da ya ƙosa zai ga ɗige-ɗige masu launin ƙasa a jere, har ya zaci cuta ce ta kama shi. Nan ne ma'ajiyar wata ƙura mai laushi wadda iska ke ɗauka. Ƙwayar ƙurar da ta faɗa wuri mai laima ba ta fitar da tsiro irin uwarta, sai wani ɗan faifai kore da bai fi farce girma ba. A jikin faifan nan ake samun ƙwan mace da ƙwayoyin namiji, kuma tilas ƙwayar namiji ta yi iyo cikin ruwa kafin ta kai ga ƙwan. Daga haɗuwarsu ne sabon tsiro ke tashi. Wani Bajamushe, Wilhelm Hofmeister, shi ya bayyana wannan zagaye a 1851. Watau in babu ruwa kwance a kan ƙasa, ko da ɗan raɓa ne, zuriyar ba ta ci gaba. Shi ya sa dangin agugu suka yi ƙaranci a filayen Kano da Katsina da Damagaram, inda rani ya fi damina tsawo, alhali kuwa ga su birjik a ƙoramun tsaunin Jos da Mambila da tuddan Adamawa har cikin Kamaru.

Duk da haka kakanninmu sun san wasu, har sun raɗa musu suna. Akwai mashin zomo, ɗan ƙarami mai ganye ɗaya da tsinke a tsaye, wanda ke fitowa da damina. Akwai dafaddu, mai manne wa jikin bishiya a kurmi, ganyensa kamar ƙaho. Shi ba ya tsotsar bishiyar yadda kauci ke yi, wurin zama kawai ya ara.

Yanzu sai mu komo kan tsila. Ana ɗaukar ta daga naman shanu da bai gasu ko bai dahu sosai ba, don haka mu masu son tsire da balangu ba a bar mu a baya ba. Tana iya kai tsawon mita 5 zuwa 10 a cikin hanji, amma kanta bai fi kan allura ba, yana da bakuna huɗu na tsotso da take riƙe hanji da su. In an fitar da jiki duka aka bar kan, cikin wata uku ta sake tofowa. Aikin da sinadaran jijiyar nan ke yi shi ne su shanye jikin tsutsar, ta saki hanji, sa'an nan a bi da maganin wankin ciki ya koro ta tun ba ta farfaɗo ba.

Wannan sani ba namu ba ne mu kaɗai. Likitan Girka Diyoskorides ya ambaci jijiyar ɗan'uwan agugu na Turai, Dryopteris filix-mas, tun ƙarni na 1. Zulu na Afirka ta Kudu suna shan jijiyar Dryopteris athamantica don wannan cuta. A 1775 Sarkin Faransa Luwi na 16 ya biya wata gwauruwa 'yar Suwizalan, Madam Nouffer, kuɗin zamanin har liba 18,000 don ta faɗi asirin maganinta na tsila. Da aka buɗe asirin sai ga garin jijiyar nan. Daga nan likitocin Turai suka ci gaba da ba da shi har tsakiyar ƙarni na 20. Saboda haka duk ɗan bokon da ya ga agugu ya taɓe baki ya ce camfi ne, jahilcinsa ya tona, ba na mai magani ba.

Sai dai a nan ne muke so a saurara da kyau. Sinadarin da ke shanye jikin tsutsa dafi ne ga mutum idan ya ratsa hanji ya shiga jini. Likitocin Turai sun rubuta abin da suka gani ga waɗanda aka zarce musu awo: amai, murɗar ciki, shawara, jijjiga, makanta ta ɗan lokaci ko ta har abada, wani lokaci mutuwa. Sun kuma gano cewa maiƙo ne ke buɗe wa dafin hanya. Don haka suka hana a bi shi da man zurma, suka koma ga gishirin wankin ciki, suka hana cin abinci mai maiƙo kafin a sha. Ku dubi wannan da idon gidajenmu, inda ake sa man shanu ko man gyaɗa a kusan kowane abinci. An kuma hana wa mai juna biyu. Bugu da ƙari, ƙarfin jijiyar ba ya tsayawa wuri ɗaya: dokar masu harhaɗa magani ta ce a karya a duba, in cikin ya bar kore ya koma ja an zubar, kuma kada a ajiye ta fiye da shekara. Guntun da ya yi wata da watanni a buhu daga Adamawa zuwa kasuwar Kurmi, wanda aka auna da tafin hannu, yana iya zama fanko, yana kuma iya makanta yaro.

Ga kuma haɗarin kama da wane. A tuddan nan akwai wani ɗan dangin, Pteridium aquilinum, mai mamaye makiyaya. Shanun da suka daɗe suna cinsa sukan yi fitsarin jini, kuma a 1983 masana a Japan suka ware sinadarin da ke jawo sankara a cikinsa. Busasshiyar jijiya ba ta zuwa da ganyenta, balle mai saye ya tantance.

A ganinmu, wanda ke da tsila yau asibiti ya kamata ya nufa. Tun wajen 1960 aka sami ƙwayar niclosamide, a shekarun 1970 kuma praziquantel, kuma sha ɗaya bisa awon likita yakan wadatar. Abin da ya rage mana game da agugu aikin rubutawa ne, tun dattawan da suka san shi suna raye. Wanda hutu ko aikin gwamnati ya kai shi Gembu ko Ganye, ya nemi mai haƙa shi ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi lokacin haƙa da yadda ake awo da abin da ake hana mai sha. Sa'an nan ya roƙi a nuna masa tsiron a inda yake, ya ciro shi da jijiya da ganye, ya danne tsakanin tsofaffin jaridu, ya rubuta rana da wuri, ya kai ma'ajiyar busassun tsire-tsire ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ko ta ma'aikatar binciken daji a Ibadan. A tabbata ganyen da aka ɗauko yana da ɗige-ɗigen nan a bayansa, domin da siffarsu da jerinsu ne masana ke bambanta wani daga wani.